Katin girafik mara fanka: abin da masu gem suka ce

Yawancin waɗanda suka gwada katin girafik mara fanka, wato katin da ke sarrafa hoto a kwamfuta, sun yarda cewa shiru kam akwai shi, ba ƙara ko kaɗan, amma fa kar mutum ya sa ran zai buga manyan gem a kan saiti mafi girma. Wanda aka fi ambata shi ne Palit RTX 3050 KalmX mai 6GB da ya fito a 2024, wat 70 kawai yake ja, ko kebul na wuta daban ba ya buƙata. Wani katin kuwa, GT 1030, sai dai tsofaffin gem.

Inda aka fi jan kunne shi ne iska. Katin ba shi da fanka amma akwatin kwamfutar dole ya samu, ko guda ɗaya a gaba tana hurawa a hankali, in ba haka ba zafi na kaiwa wajen digiri 83 sai katin ya rage gudu da kansa gem ya fara tsinkewa, to ina amfanin? Wasu sun ce a rage masa wuta da manhajar MSI Afterburner, a kuma tsayar da firem, wato yawan hotunan da gem ke nunawa a daƙiƙa, a 60.

Ni dai a zafin Kano na watan Afrilu, ɗaki ba AC, ba zan saya ba gaskiya.