Wane irin kaya ya kamata yaran walda su riƙa sawa?

Mai_Ƙarfe_ƘofarRuwa:
Assalamu alaikum. Yawancin yaran walda a nan Ƙofar Ruwa da rigar ƙwallo suke aiki saboda zafi. Kayan nan da ake cewa ba sa cin wuta, da gaske ne? In ba a same su ba, me za a saka?

Injiniya_Sharaɗa:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Don Allah a fara raba su da rigar ƙwallon nan. Yadin roba ce, tana narkewa wajen digiri 250, ta manne wa fata, zafin ya ci gaba da cin nama ko da wutar ta mutu.

Kayan gaskiya iri biyu ne. Akwai irin Nomex da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro, wanda kariyarsa a cikin zaren take, wanki ba ya fitar da ita. Ba ya narkewa, sai wajen digiri 370 yake babbakewa. Akwai kuma auduga mai kauri da aka sa wa sinadari, irin Proban, ta fi araha kuma ita ta fi dacewa da tartsatsin walda. A duba tambarin wuyan rigar, a ga ISO 11611, wato lambar ingancin kayan kariya na masu walda. Amma fa suna ƙonewa, bambancin kawai wutar ba ta ci gaba da ci da zarar an janye ta.

Tela_Kwari:
In kuɗi bai kai ba, a sayi zallar auduga mai kauri irin yadin jins. Kafin a biya, a zare zare ɗaya a kunna masa ashana: auduga warin takarda take yi ta zama toka, roba kuwa dunƙulewa take ta yi tauri. A ɗinka dogon hannu, aljihu da murfi, kuma kada a naɗe ƙafar wando, a nan tartsatsi ke maƙalewa. Wandon ya sauko kan takalmi. A ɗora rigar gaba ta fata (apron) da safar hannu ta fata. Singiletin ciki ma ta zama auduga.

Injiniya_Sharaɗa:
Haka ne, Malam. Sai wanki: ban da bilic, yana kashe sinadarin, ban da sitaci. Rigar da ta sha giris ko baƙin mai za ta kama da wuta komai tsadarta.

Ma'aikaciyar_Jinya:
In ƙuna ta auku, a kwarara ruwa mai sanyi minti 20, ba ƙanƙara ba. Yadin da ya manne kada a ɓamɓare shi, a yanke na gefe. Ban da manja, ƙwai ko man goge baki. A lulluɓe da ƙyalle mai tsabta a wuce asibiti.