Neman shawara: ɗalibaina sun haddace taswira, amma ba sa iya karanta ta

Assalamu alaikum malamai 'yan uwa. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Rigasa, Kaduna, ajin SS2, yara kusan 70. Jiya na zana taswirar Najeriya a allo, na ce wa wata yarinya ta nuna mini arewa. Sai ta ɗaga yatsa ta nuna rufin kwano. Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa jikina ya yi sanyi, don a wurina ta ɗauko: kullum a saman allo nake rubuta arewa. Jihohi 36 da manyan biranensu suna jero su tiryan-tiryan, amma da an zo layukan kwantuwa (masu nuna tudu da kwari a taswira) da sikeli (ma'aunin nisa a taswira) sai ido ya raina fata. Gulob ba mu da shi, taswirar bango ɗaya ce tak, ita ma ta yage. Ga WAEC na tafe baɗi. Don Allah ku taimaka mini da dabarar da ba ta cin kuɗi.

Wani tsohon malami, Kawo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, sauko da taswirar nan daga bango, ka fita da su fili ka shimfiɗa ta a ƙasa. Tambaye su ina alƙibla, babu yaron Rigasa da zai rasa ta. Daga Kaduna alƙibla gabas take, ta ɗan karkata arewa, saboda haka wanda ya fuskance ta, arewa na wajen hagunsa. Su juya taswirar da hannunsu har arewarta ta dace da ta gari. Daga nan sai tambaya: ina Zariya? Ina Kakuri da Barnawa, tunda ƙetaren kogi suke ta kudu? Su bi Kogin Kaduna da yatsa tun daga tsaunukan Jos, ya ratsa gari, ya wuce Shiroro, har ya faɗa Kogin Neja. Shekara da shekaru da wannan nake buɗe darasin.

Wata malama, Zariya:
Malam, kwantuwa da dankalin Hausa nake koyar da ita. Samu babba, raba shi biyu, kifa rabin a kan tebur ya zama dutse. Yanka shi faifai-faifai, kauri ɗaya, sai yara su ɗora kowane yanki a takarda guda su zagaye shi da fensir, daga babba zuwa ƙarami. Inda layuka suka matse, nan hawa ya yi tsaye. Inda suka buɗe, gangare ne mai sauƙi. Da ɗalibaina suka gani, wani yaro cewa ya yi, "Malama, ashe dutsen Kufena ne aka leƙo ta sama!" Sikeli kuwa, a taswirar 1:50,000 santimita 2 kilomita 1 ce. Ba su zare su bi lanƙwasar kogi, su miƙe shi a kan rula.

Wani ɗalibin koyon malanta:
Ku kafa sanda a fili, inuwarta ta tsakar rana arewa take nunawa.

Tsohon malamin Kawo:
A kula da wannan, yaro na. Kaduna tana wajen digiri 10 da rabi arewa da ikweta, layin da ya raba duniya biyu, don haka daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta inuwar tsakar rana kudu take karkata. Sauran watannin ne take nuna arewa. Amma a kafa sandar, yara su riƙa sa alama duk mako, su ga juyawar da idonsu.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Baba. Litinin in sha Allah a fili za mu yi darasi. Malama, dankali nawa zai ishi yara 70?

Malamar Zariya:
Guda 4 sun isa, tunda kowanne rabi biyu ne, sai ka kasa su rukuni 7 ko 8. Ka yanko shi da kanka tun daga gida, ka soke kowane rabi da tsinken tsire don kada yankunan su watse. Wuƙa kam kada ta shiga aji.