Daga ina sunan tsuntsu kanari ya samo asali?

Ɗalibin Harshe:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina jin daɗin kukan kanari, amma sunansa bai yi mini kama da asalin kalmar Hausa ba. Shin tsibiran Kanari ne suka ci sunan tsuntsun, ko kuwa shi ne ya ci nasu? Ina roƙon masana su fayyace mini.

Mai Nazarin Tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsuntsun ne ya ci sunan tsibiran, waɗanda ke cikin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 100 daga gaɓar Maroko, kuma suke ƙarƙashin Sifaniya. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, tushen sunan ba shi da alaƙa da tsuntsu ko kaɗan, domin daga kalmar Latin "canis" ya fito, wato kare. Pliny Babba, marubucin Rum da ya rasu a shekarar 79 miladiyya, ya ruwaito cewa mutanen da Sarki Juba na Biyu ya aika bincike sun tarar da manya-manyan karnuka a ɗaya daga cikin tsibiran, shi ya sa aka kira shi Canaria. Juba ya mulki tsohuwar Mauritaniya ce, wadda ta ƙunshi arewacin Maroko da Aljeriya, ba ƙasar da ke da wannan suna a yau ba. Har yanzu akwai karnuka biyu a tambarin tsibiran.

Malama Mai Karatu:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai akwai masu ganin cewa sunan na wata ƙabilar Barbar ne, wato mutanen asali na Arewacin Afirka, da ake kira Canarii. Ni dai na fi karkata ga riwayar karnukan, tunda a rubuce take tun zamanin da.

Mai Kiwon Tsuntsaye:
Bari in ƙara abu ɗaya. Kanarin daji na can tsibiran kore-kore ne mai ratsin ƙasa-ƙasa, kuma ana samunsa a tsibiran Madeira da Azores na Tekun Atlantika ma. Rawayar da aka san shi da ita ta samu ne bayan Turawa sun shafe ƙarnoni suna kiwonsa a keji suna zaɓen iri. Wanda muka saba gani a Afirka ta Yamma ɗan'uwansa ne, ba shi ba ne, amma kamanninsa da zaƙin muryar namijin sun sa sunan ya bi shi.