Harsashin dunƙule a bindigar farauta: shawarar maharban Kaduna

Da maharba suka tattauna a Kaduna, bakinsu ya zo ɗaya cewa bindiga mai santsin bututu tana ɗaukar harsashin dunƙule (mai ƙwayar dalma guda ɗaya tak) irin wanda ake kira Foster, domin dalmarsa taushi gare ta kuma bayansa rami ne. Irin sabot kuwa, wanda ke cikin kwanson roba, sai bututu mai murɗaɗɗun layuka a ciki, in ba haka ba saiti ya lalace.

An fi daɗewa kan matsin baki, wato yadda bakin bututun bindiga yake tsukewa. Buɗaɗɗe ko mai ɗan matsi ya fi dacewa. Matsattse sosai a guje shi. Mai bindigar da ake ɗaura wa matsin baki kada ya harba ba tare da ya ɗaura shi ba, zaren ɗaurin da ke cikin bututu zai ci.

Gargaɗin da na fi riƙewa: kada a cusa harsashi mai tsawon milimita 76 a bindigar da ɗakin harsashinta milimita 70 ne, kuma bindigar ƙirar gida ba ta jure wannan ƙarfi.