Shekarar rasuwar Lawrence Washington ta tsayar mini da aiki

Assalamu alaikum. Mako uku ke nan ina haɗa salsalar gidan Washington, masu filaye a Sulgrave ta Ingila, tun daga Lawrence mai fataucin ulu har zuwa John da ya ƙaura Virginia, wato kakan mahaifin George Washington.

Na maƙale a kan mahaifin John, limamin cocin Purleigh, shi ma Lawrence. Wasu littattafai sun ce ya rasu a 1652, wasu 1653, alhali binnewar dai a Janairu ce. Na zaci mutum biyu ne, saboda sunan ya yawaita a gidan, amma na bi 'ya'yansa na tarar mutum ɗaya ne.

Tunda kafin 1752 Ingila tana fara shekara ranar 25 ga Maris, wato Janairun da muke kira na 1653 su a wurinsu na 1652 ne, wace shekara ya dace in rubuta?