Waya ko laftof, ina ya fi a aje USDT?

Baban Ummi: Salamu alaikum 'yan zaure. Ɗan USDT ɗin da nake tarawa (kuɗin kirifto mai bin darajar dala) yana cikin manhajar Trust Wallet a wayata, wani ya ce in maida shi kwamfuta wai ya fi tsaro. Mi kunka gani?

Na Kaura: Wa alaikumus salam. Wayar da kake bari wajen mai caji tun azahar har isha'i?

Ɗan Mafara: Yaya kar ka biye mishi, ni laftof ce ta kashe ni. Na kai ta wani shago nan Gusau anka zuba min manhajoji na bulus, ashe da ƙwaron kwamfuta (bairos) ciki. Rannan zan tura ma abokin harka kuɗi na kwafi adireshin walat ɗinshi na liƙa, na ga ya fara da T kamar kullum sai na danna, minti goma yana ce min bai ga komi ba, da na jera su biyu sai ga tsakiya da ƙarshe duk sun bambanta. Abin yana laɓe ne, da ka kwafi adireshi sai ya musanya da na ɓarawo. Kuma ba banki ba ne balle ka je ka yi kuka a maido ma. Kuɗin takin bana ne wallahi.

Maman Hanif: Innalillahi. Allah ya maida alheri.

Na Kaura: Amin. Amma wayar ma fa, mutum ya ɗauki hoton kalmomin sirrin nan 12 na buɗe walat ya bari cikin hotuna, ya ɗora GB WhatsApp a kai. A rubuta a takarda a ɓoye. Kuma a daina dogara da lambar SMS, in anka yi ma suwaf na layi, wato anka maida lambarka kan wani sim, shi ke nan, manhajar Google Authenticator mai bada lambar shiga ta fi.

Oga Bash: Ledger kawai, 'yar na'urar nan ta aje kirifto, makullin walat ba ya fita cikinta.

Ɗan Mafara: Kuɗin Ledger ɗin sun fi jarin wasunmu

Oga Bash: Jarin 'yan Hamster kake nufi 😂 wasan nan na Telegram, wata nawa kuna dangwale waya don a ba ku kirifto

Maman Hanif: Kai ma har da asuba muna ganinka kana yi.

Malam Tsafe: Ku da ke gardama, Satumbar 2021 da anka kashe sabis a Zamfara, da wayar da kwamfutar wace ta yi aiki?

Baban Ummi: To ni dai in bar shi a wayar ke nan?

Na Kaura: Bash, dubu biyar ɗina fa tun sallah.