Ƴata ta kai 14 ba ta fara al'ada ba, ana zaton ciwon Turner

Wata uwa daga Tahoua: Assalamu alaikum. Ƴata tana da shekara 14, ƙanwarta ƴar 11 ta fi ta tsawo. Ƙirji bai fito ba, al'ada shiru. Likita a Yamai yana zaton ciwon Turner ne, ya rubuta mana gwajin kariyotif, wato gwajin ƙirga kuromozom a jini. Surukata ta ce auren zumunta ne ya jawo, don ni da babanta ƴaƴan wa da ƙane ne. Gaskiya ne? Me za mu yi?

Likitar yara: Wa alaikumus salam Yaya, kwantar da hankalinki, auren zumunta ba ya kawo wannan. Ƙwayoyin jikin mutum kowacce tana ɗauke da kuromozom 46, wato zaren da ke riƙe da ƙwayoyin gado, rabi daga uwa, rabi daga uba. Biyu cikinsu su ne na jinsi: mace XX, namiji XY. Mai Turner X ɗaya gare ta, ko na biyun ya gutsure. Galibi kuskuren yana aukuwa lokacin da ƙwan mace ko maniyyi ke rabuwa, sai ɗaya ya fito ba kuromozom ɗin jinsi. Tsautsayi ne, ba gado ba, ba abin da kika ci da ciki ba, ba shekarunki ba. Yana samun yarinya 1 cikin kimanin 2,500. Gajartar kuwa daga rashin kwafi na biyu na ƙwayar gado SHOX take. Irin wannan kuskure kan ba namiji XXY, wato Klinefelter.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Hajiya, jini kaɗan ake ɗiba, a ƙirga kuromozom cikin ƙwayoyi 30. Wajen rabin masu Turner 45,X ne zalla, wato kuromozom 45 da X ɗaya, wasu gauraye suke da ƙwayoyi masu XX, shi ya sa ƙirga kaɗan kan ɓoye ciwon. Ki tambaya musamman ko an ga ɓurɓushin Y. In akwai, ana shawarar cire ƙwayayen haihuwar saboda haɗarin ciwon ƙari.

Likitar yara: Kada ki jira sakamako kafin a duba zuciya. A yi mata eko, wato hoton zuciya, don babbar jijiyar da ke fita daga zuciya kan ƙuntace. A auna hawan jini, a duba ƙoda, ƙullin maƙoshi (tayirod) da ji. Hoton hannun hagu zai nuna ko ƙashi bai rufe ba, ko allurar ƙarin tsawo za ta yi amfani. Estrojen, sinadarin balagar mata, akan fara shi tun shekara 11 zuwa 12, kaɗan-kaɗan, a ƙara ɗaya sinadarin, furojesteron, bayan kamar shekara biyu, sai al'ada ta zo. Don Allah ban da maganin kawo al'ada na kasuwa.

Uwar: Allah ya saka da alheri. Litinin za mu koma Yamai a fara da ekon.